Ƙwarangwal biyu kacal: me aka sani da gaske game da Compsognathus?

Ɗalibin_Ilmi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina, yau na ga ya dace in kawo ta gabanku. A wani littafin yara da nake karanta wa ƙanena an rubuta cewa Compsognathus shi ne mafi ƙanƙanta a cikin dainoso duka, wai girmansa bai wuce na kaza ba, kuma nama yake ci. Da na ƙara bincike sai na tarar ƙwarangwal biyu kacal aka taɓa samu nasa, ɗaya a Jamus, ɗaya a Faransa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya mutum zai dubi ƙasusuwan da suka koma dutse tun kimanin shekara miliyan 150, sannan ya ce ga abin da dabbar take ci, ga yadda take gudu, ga kamanninta? Ni a ganina rabin abin da ake faɗa ƙiyasi ne aka yi masa ado. Ina roƙon masu ilmin abin su nuna mini inda hujja ta tsaya da inda hasashe ya fara.

Binciken_Ƙasa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka tana kan hanya, kuma zan fara da wurin da hujja ta fi ƙarfi, wato abinci. Ƙwarangwal na farko ya fito ne daga yankin Bavariya a kudancin Jamus, cikin farin dutsen nan mai laushin ƙwaya da ake fasawa falle-falle, wanda ya yi suna da garin Solnhofen. Wani likita mai tara irin waɗannan duwatsu, Joseph Oberndorfer, shi ya mallake shi, sai masanin dabbobi Johann Andreas Wagner ya raɗa masa suna Compsognathus longipes a 1859. Rabin sunan na farko daga Girkanci yake, ma'anarsa mai siririn muƙamuƙi mai kyan tsari, rabin sunan na biyu kuma, longipes, yana nufin mai doguwar ƙafa.

A cikin haƙarƙarin wannan dabba akwai ƙasusuwan wata ƙaramar halitta a dunƙule. Othniel Marsh ya duba su a 1881, ya ɗauka ɗan tayi ne. Franz Nopcsa ya sake dubawa a 1903, ya ce ƙadangare ne. Sai John Ostrom ya zauna a kan dutsen ya yi nazari dalla-dalla, ya wallafa sakamakonsa a 1978, inda ya tabbatar da cewa ƙadangare ne mai doguwar wutsiya da dogayen ƙafafu, kuma ɗungurungum aka haɗiye shi. Na Faransa ma an ga ragowar ƙananan dabbobi masu rarrafe a cikinsa. Don haka maganar cin nama ba daga siffar haƙora kaɗai aka ciro ta ba, abincinsa na ƙarshe yana nan kwance a cikinsa har yau, a gidan adana burbushin halittu na birnin Munich.

Abu_Safwan:
Malam Binciken_Ƙasa, na gode da bayani, amma ina da ja a nan. Idan gawar dabba ta nutse ta faɗa kan gawar ƙadangare, sannan laka ta danne su tsawon miliyoyin shekaru har suka baje kamar takarda, ai za a ga kamar ɗaya yana cikin ɗaya. Me ya hana abin ya kasance haka?

Binciken_Ƙasa:
Wannan ja ne mai ma'ana, Abu_Safwan, domin irin wannan kuskuren ya taɓa faruwa. A 1947 an tono ɗimbin ƙwarangwal na wani dainoso mai suna Coelophysis a wurin da ake kira Ghost Ranch a jihar New Mexico ta Amurka, aka ga ƙananan ƙasusuwa a wajen cikin wasu manya, aka shekara da shekaru ana koyar da cewa wannan dabba tana cin 'ya'yanta. Da aka sake dubawa daga baya sai aka ga wasu ƙasusuwan a ƙarƙashin gawar suke, ba a cikinta ba, sannan a 2006 Sterling Nesbitt da abokan aikinsa suka nuna cewa waɗanda suke cikin ciki da gaske na wani ƙaramin dangin kada ne. Abin da ake dubawa shi ne ko ƙasusuwan suna tsakanin haƙarƙarin dama da na hagu, wato layi ɗaya na haƙarƙari ya bi ta samansu, ɗaya ta ƙarƙashinsu. Ƙadangaren da ke cikin Compsognathus a tsakanin haƙarƙari yake, kuma a naɗe yake yadda abin da aka haɗiya ke naɗewa, ba a miƙe kamar gawar da ta kwanta da kanta ba.

Malamar_Kimiyya:
Ina so in goyi bayan Ɗalibin_Ilmi ta wata fuska, da abin da ya same ni. Shekarun baya na zana wa ɗalibaina wannan dabba a allo da yatsu biyu a kowane hannu, domin haka na gani a tsohon littafin da nake shirya darasi da shi, har na jaddada musu cewa ta nan ta yi kama da Tyrannosaurus, ƙaton dainoson nan mai cin nama. Bayan mako guda wata ɗaliba ta zo mini da hoton da ta samu a intanet mai yatsu uku, ta tambaye ni wanne ne daidai. Na koma na bincika, na tarar hannun ƙwarangwal na Jamus a warwatse yake, shi ya sa aka daɗe ana ƙirga yatsu biyu, amma na Faransa ya nuna uku ne. Washegari na tsaya gaban aji na goge zanen na gyara. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na faɗi magana da cikakken tabbaci alhali tushenta hannu ɗaya ne da ruwa ya tarwatsa. Tun daga ranar nake gaya wa yara adadin ƙwarangwal da aka samu na kowace dabba kafin in faɗi komai game da ita.

Tsohon_Malami:
Madalla da wannan hali, Malama. Kuma ki ƙara da cewa shi kansa na Faransa an fara yi masa gurguwar fahimta. An same shi a tsaunin Canjuers a kudu maso gabashin ƙasar, aka bayyana shi a 1972 da sunan wani jinsi dabam, Compsognathus corallestris, har aka ce hannuwansa sun zama kamar filafilin iyo, wai a ruwa yake neman abinci. Ostrom ya rushe wannan magana, ya nuna dabba ɗaya ce da ta Jamus. Yanzu yana gidan tarihin halittu na Faris, kuma Karin Peyer ta sake bayyana shi filla-filla a 2006.

Likitan_Dabbobi:
Bari in taɓa maganar girman kaza, domin a nan ne littafin ƙanen naka ya fi yin sakaci. Na Jamus tsawonsa kusan santimita 89 ne daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya, na Faransa kuwa ya kai kusan santimita 125. Fiye da rabin tsawon nan wutsiya ce, don haka gangar jikin na Jamus ba ta wuce ta kaza ba, gaskiya ne. Sai dai masana da yawa suna ganin na Jamus bai gama girma ba. Mu da muke duba ƙashin dabbobi kullum mun san alamun ƙuruciya: kai ya yi wa jiki girma, ramin ido ya yi faɗi, kuma mahaɗar ƙasusuwan baya ba ta gama haɗewa ba, kana ganin layin ɗinkin a fili kamar tsagar da ke kan ƙoƙon kan jariri. Idan aka auna da na Faransa, wanda ya fi shi girma, to talotalo ya fi dacewa a kwatanta da shi, da nauyin da bai wuce kilo biyu da rabi zuwa uku da rabi ba. An ɗauki ma'aunin yaro an liƙa wa jinsi gaba ɗaya, maganar ta shiga littattafai fiye da shekara ɗari kafin a samu na biyun.

Hadizatu_22:
Likita, tun da kai ne masanin jikin dabba, ina da tambaya. Na ga hoton dutsen na Jamus, wuyan dabbar ya lanƙwashe baya har kan ya kusa taɓa ƙugu, wutsiya kuma ta ɗago sama. Shin haka take riƙe wuyanta tana raye, ko wahalar mutuwa ce ta sa haka?

Likitan_Dabbobi:
Ba haka take tafiya ba, 'yar'uwa, bayan rai ya fita ko wajen fitarsa ne jikin ya ɗauki wannan siffa, kuma masana sun kasu biyu. Cynthia Faux, wadda ita ma likitar dabbobi ce, tare da Kevin Padian sun kawo hujja a 2007 cewa sanƙarewar jijiyoyi ce lokacin da ƙwaƙwalwa ta rasa iska ko guba ta taɓa ta, irin abin da muke gani a dabbar da ciwon sanƙarau ko tetanus ya kama. Daga baya Achim Reisdorf da Michael Wuttke suka yi gwaji mai sauƙi da suka wallafa a 2012: suka nutsar da figaggun kaji a ruwa, sai wuyan ya lanƙwashe baya nan take, kuma yana ƙara lanƙwashewa yayin da naman ke ruɓewa. Dalili shi ne akwai wata jijiya mai talewa kamar roba da ta bi ta saman ƙashin wuya da na baya, wadda nauyin kai da ƙarfin tsoka ke danne ta a doron ƙasa, amma a cikin ruwa, inda jiki ba shi da nauyi, sai ta ja kan baya. Na taɓa gwada wannan da kaina da wuyan kaza a cikin bokiti, na ga kan yana juyawa a hankali har baki ya kalli sama. Ni na fi karkata ga bayani na biyu game da wannan dabba, domin a ƙasan ruwa aka binne ta.

Binciken_Ƙasa:
Maganar ruwan nan tana da muhimmanci ga tambayar farko. A wancan zamani, ƙarshen zamanin Jurasik, yankin da yake kudancin Jamus a yau tarin tsibirai ne a gefen tsohon tekun da ake kira Tethys, da tafkuna marasa zurfi a tsakaninsu. Ruwan ƙasan tafkunan gishiri ya yi masa yawa, iskar shaƙa kuma ta yi ƙaranci, saboda haka babu tsutsa ko ƙaguwar da za ta yaga gawa, sai laka mai laushi kamar gari ta riƙa sauka tana rufe ta. Laushin ƙwayar dutsen ne ya sa Alois Senefelder ya yi amfani da shi wajen ƙirƙiro ɗab'i da dutse a 1796, kuma neman dutsen ɗab'in ne ya sa ma'aikata suka riƙa fasa shi falle-falle da hannu suna cin karo da kifi da mazari da Archaeopteryx, wata halitta mai gashi da fiffike irin na tsuntsu. Ƙwarangwal biyu kaɗan ne a ƙidaya, amma ƙwarangwal ɗaya da ya kusa cika a irin wannan dutse ya fi tarin guntaye ɗari da kogi ya watsa.

Sarkin_Tambaya:
To shekara miliyan 150 ɗin fa, wa ya ƙirga?

Binciken_Ƙasa:
Hanya biyu ake haɗawa. Ta farko, akwai wasu halittun teku masu murɗaɗɗen ƙoƙo da ake kira amonait, waɗanda siffarsu ke sauyawa da sauri daga zamani zuwa zamani, kuma sun bazu a tekuna da yawa, don haka irin amonait ɗin da ke cikin falle yana nuna matsayinsa a jerin duwatsu. Ta biyu, a wuraren da aka samu tokar aman wuta tsakanin irin waɗannan falle, ana auna sinadaran da ke rikiɗa da sanannen sauri, kamar yuraniyom da ke komawa darma a cikin ƙwayoyin wani ma'adini mai suna zirkon, a fitar da shekaru. Sai a ɗora lissafin wannan a kan jerin wancan. Akwai ɗan rata na kuskure a kowane awo, amma ba irin wanda zai mai da miliyan 150 ta zama miliyan 100 ba. Domin a ji nisan, Tyrannosaurus ya rayu wajen shekara miliyan 68 zuwa 66 da suka wuce, wato tazarar da ke tsakaninsa da mu ba ta kai tazarar da ke tsakaninsa da Compsognathus ba.

Mai_Zane:
Ni aikina zana irin waɗannan dabbobi ne, kuma ina tabbatar wa Ɗalibin_Ilmi cewa a wajen kamanni ne hasashe ya fi yawa. Duk wanda ya zauna zai zana Compsognathus dole ya yanke shawara: fata mai ɓawo-ɓawo irin ta ƙadangare zai sa masa, ko gashi irin na ɗan tsako? Dutsen Jamus bai adana gashi a jikinsa ba, alhali irin dutsen nan ya adana gashin fiffiken Archaeopteryx sili-sili. Amma a 1996 wani manomi a lardin Liaoning na ƙasar Sin, Li Yumin, ya fasa dutse ya samu Sinosauropteryx, ƙaramin mai cin nama da ya yi kama da Compsognathus ƙwarai, da layin gashi siri-siri tun daga ƙeya har ƙarshen wutsiya. Shi ne dainoso na farko da ba tsuntsu ba da aka samu da irin wannan sutura. A 2010 aka duba gashin da madubin lantarki mai ƙara girma, aka ga ƙwayoyin launi da ke nuna ja-ja mai ruwan ƙasa, wutsiyar kuma zobe-zobe ce, duhu da haske. A 2017 wani nazarin ya ƙara nuna cewa bayansa ya fi cikinsa duhu, kuma akwai baƙin zane da ya ratsa idanunsa. To idan na zana Sinosauropteryx ina da madogara har ta launi. Idan na zana Compsognathus da gashi, aron rigar ɗan'uwansa na yi masa, ɗan'uwan da ya rayu bayansa da kusan shekara miliyan 25 a wata nahiya dabam, kuma ya kamata in rubuta hakan a ƙarƙashin zanen.

Abu_Safwan:
Na karanta cewa wasu masana sun ce abin da ake kira gashi a jikin Sinosauropteryx zaren fata ne da ya ruɓe ya tarwatse. Ba a bar wannan magana ba tukuna, ko?

Mai_Zane:
An yi wannan muhawara sosai, Theagarten Lingham-Soliar da Alan Feduccia suna cikin waɗanda suka tsaya a kanta, musamman a 2007. Abin da ya raunana ta shi ne ƙwayoyin launin da na ambata, domin zaren cikin fata ba ya ɗauke da su a jere haka, kuma ba zai fito zobe-zobe a tsare a kan wutsiyar dabba fiye da ɗaya ba. Mafi yawan masu nazarin fannin sun karɓi cewa gashi ne. Wanda ya fi rikita mini lissafi shi ne Juravenator, wani ƙaramin dainoso mai cin nama da aka bayyana a 2006 daga yankin Bavariya ɗin dai, domin a wutsiyarsa an ga fata mai ɓawo, sannan da aka haska shi da fitila ta musamman aka ga alamun siraran gashi ma. Ke nan dabba ɗaya tana iya haɗa biyun, kamar yadda kaza take da gashi a jiki da ɓawo a ƙafa.

Ummu_Hanif:
Ina bin wannan zance tun farko, kuma ƙafar kazar da Mai_Zane ya ambata ta tuna mini ranar da na tsaya gaban kwafin dutsen Jamus a wani gidan adana kayan tarihi. Na yi zaton zan ga abu mai ban tsoro, sai na ga falle ɗaya da bai fi faifan tebur ƙarami ba. Ƙasusuwan ƙafar sirara ne kamar tsinke, yatsu uku a gaba da ɗan ƙarami a baya, ƙashin ƙwauri ya fi na cinya tsawo, haƙoran kuma sai da na matso da fuskata dab da gilashi kafin na gan su, ƙanana masu lanƙwasa baya. Wanda bai sani ba zai rantse tsuntsu ne aka fige. Daga baya na karanta cewa Thomas Huxley ya lura da wannan kamanni tun 1868, ya kafa hujja da shi cewa tsuntsaye da dainoso dangi ne, kuma akwai Archaeopteryx da aka samu a 1951 kusa da Eichstätt wanda ya shekara kusan ashirin ana ɗaukarsa Compsognathus ne saboda alamar gashinsa ba ta fito sosai ba. Wannan ya sa nake tambayar kaina ko rashin ganin gashi a dutse hujja ce ta rashinsa a jiki.

Tsohon_Malami:
Mu koma kan kalmar "mafi ƙanƙanta" da ke cikin tambayar farko, domin har yanzu ba a amsa ta kai tsaye ba. Compsognathus ya riƙe wannan matsayi fiye da ƙarni guda saboda babu wani ƙarami cikakke da aka sani, amma duwatsun ƙasar Sin sun ƙwace shi. Microraptor, da Xu Xing da abokansa suka bayyana a 2000, bai kai mita ɗaya ba, nauyinsa wajen kilo ɗaya, yana da dogon gashi a hannu da ƙafa kamar mai fiffike huɗu, kuma an samu tsuntsu da kifi da ƙadangare da ƙafar wata ƙaramar dabba mai shayarwa a cikin ƙwarangwal dabam-dabam nasa. Epidexipteryx da aka bayyana a 2008 bai fi tantabara ba. Idan kuwa aka bi rabe-raben masana na yau, inda tsuntsaye reshe ne na dainoso, to mafi ƙanƙanta yana raye a Kyuba, wani ɗan tsuntsu mai shan ruwan fure da nauyinsa yake wajen giram biyu.

Malamar_Kimiyya:
Baba Tsohon_Malami, a ƙara da darasin Oculudentavis. A watan Maris na 2020 aka sanar da wani ɗan ƙoƙon kai da bai kai santimita biyu ba, a cikin daskararren ƙaron itace daga Myanmar mai kimanin shekara miliyan 99, aka ce shi ne dainoso mafi ƙanƙanta na wancan zamani. Kafin shekarar ta ƙare aka janye takardar, domin wasu masana sun nuna ƙadangare ne. Abin da ya burge ni shi ne gyaran bai ɗauki ko wata shida ba, alhali kuskuren yatsu biyu da na koyar ya yi shekaru yana yawo.

Sarkin_Tambaya:
A finafinai ana nuna su garke-garke suna taruwa a kan mutum, har ana cewa cizonsu da dafi. Akwai gaskiya a ciki?

Likitan_Dabbobi:
Babu abin da ke cikin duwatsun biyu da ya nuna haka. Kowanne shi kaɗai aka same shi, haƙoransa ba su da kwarmin da dafi ke bi irin na wasu macizai da ƙadangaru, kuma abin da ke cikinsa ƙaramar dabba ce da mafarauci ɗaya zai kama ya haɗiye ba tare da taimako ba. Mutum kuwa bai zo duniya ba sai bayan shuɗewarsu da miliyoyin shekaru masu yawa. Gudu ne dai ake da madogara a kansa, domin dogon ƙwauri da doguwar tafin ƙafa siffar mai sauri ce, wutsiya kuma tana daidaita jiki wajen juyawa, sannan wanda ya kama ƙadangare mai dogayen ƙafafu ba mai nawa ba ne. Amma adadin da ake yawan kawowa, kusan kilomita 64 a awa, daga lissafin kwamfuta ya fito, wanda William Sellers da Phillip Manning na Jami'ar Manchester suka wallafa a 2007, kuma sai da suka ƙiyasta nauyin tsokar da babu ita a dutse. Ina karɓar cewa yana da sauri, ba na riƙe lambar da ƙarfi.

Binciken_Ƙasa:
Akwai wata sabuwar magana da za ta ƙara wa Ɗalibin_Ilmi ƙarfin gwiwa a shakkarsa. Masanin nan ɗan Italiya, Andrea Cau, ya kawo ra'ayin cewa wasu daga cikin dabbobin da ake tarawa a dangin Compsognathus ba dangi ɗaya ba ne, 'ya'yan manyan masu cin nama ne dabam-dabam, ƙuruciya ce ta sa suka yi kama da juna. Ya fara da Scipionyx, wanda Giovanni Todesco ya samu a Pietraroja a kudancin Italiya a 1981, aka bayyana shi a 1998, ɗan jariri ne da bai daɗe da ƙyanƙyashewa ba, har hanjinsa ya kwanta a dutsen ana ganin naɗinsa. Ba duka masana suka yarda da Cau ba, amma idan ya yi daidai ko da a kan wasu, to aron gashin Sinosauropteryx da Mai_Zane ya ambata zai ƙara nisa, tun da dangantakar da aka dogara da ita ce ake tuhuma.

Mai_Zane:
Haka ne, Malam, sai dai gashi ya bayyana a rassa da yawa na masu cin nama, har da Yutyrannus mai tsawon kusan mita tara daga Liaoning, don haka ko an raba dangin ba lallai Compsognathus ya tashi tsirara ba. Ƙaramar dabba mai kuzari tana saurin rasa ɗumin jiki, sutura tana yi mata amfani. Zan ci gaba da zana shi da gajeren gashi a gangar jiki da ɓawo a ƙafa da ƙasan wutsiya.

Ɗalibin_Ilmi:
Na gode muku duka, Allah ya ƙara ilmi. Na janye rabin maganata: ƙadangaren da ke tsakanin haƙarƙari ya gamsar da ni, haka ma bayanin shekaru. Amma ban janye sauran ba, domin yatsu sun sauya daga biyu zuwa uku, filafilin iyo ya zo ya tafi, girman kaza ya zama na ɗan da bai gama girma ba, gashi kuma aro ne. Abin da har yanzu nake so in ji daga Likita shi ne, idan na Jamus yaro ne, me ya tabbatar mana cewa na Faransa ya gama girma? Idan shi ma saurayi ne, ai talotalon ma zai iya zama wani abu dabam.

Likitan_Dabbobi:
Hanyar da ta fi kai wa ga amsa ita ce a yanki ɗan siririn ƙashin ƙafa a duba shi a madubi, domin ƙashi yana ajiye zobban girma kamar kututturen itace, kuma idan dabba ta daina girma zobban na waje suna matsewa dab da juna. Matsalar ita ce yankan yana ɓata wani sashe na ƙashin, kuma mai riƙon amanar abin da biyu ne kacal a duniya ba zai yi saurin miƙa shi ga zarto ba. Yanzu ana iya leƙa cikin ƙashi da haske mai ƙarfi ba tare da an yanka ba, kamar yadda ake yi a babbar na'urar da ke Grenoble a Faransa, inda aka duba ƙasusuwan fiffiken Archaeopteryx. Kafin a yi wa na Canjuers irin wannan, abin da ke hannu shi ne mahaɗar ƙasusuwan bayansa da girman kansa a kan jikinsa, kuma su ma masana ba su karanta su da murya ɗaya ba.

Abu_Safwan:
To ni a nan nake tare da Ɗalibin_Ilmi. Kuma ina so Malam Binciken_Ƙasa ya dawo kan maganar tsibiran nan, domin idan ra'ayin Cau ya shafi Compsognathus, kuma ƙananan tsibirai ne, wane babban mai cin nama ne zai haifi ɗa a can, kuma me ya sa ba a ga ƙashin uwar a cikin dutsen da ya adana har fiffiken mazari ba?